Kundin aiki: zaɓen maɗaurin diddige na filafilan nutso

4 ga Fabrairu

An fito da duk filafilan ƙafa (faffaɗan abin da mai nutso ke sakawa a ƙafa don tura ruwa) masu buɗaɗɗen baya daga ɗakin kaya, aka baje su, aka raba su gida biyu. Gidan farko na aro ne, yau wannan ɗalibin nutso ya saka da takalminsa, gobe wancan. Gida na biyu na malamai ne, kowane filafili ƙafa ɗaya ya sani da takalmi ɗaya. Masu rufaffen diddige, waɗanda ake zura wa ƙafa ba takalmi, an mayar da su tunda ba su da maɗauri.

Maɗaurai iri huɗu za a gwada. Akwai na roba mai gaɓa-gaɓa da maɓallin filastik a kowane gefe, wanda yawancin filafilai ke zuwa da shi. Akwai na sifirin ɗin ƙarfe mara tsatsa. Akwai na igiyar banji, siraran zaren roba da yawa da aka lulluɓe da saƙar nailan. Na huɗu na silikon ne.

Tsofaffin robobin aka fara dubawa. Ana naɗe maɗauri biyu, a ja shi, a kalli bayan lanƙwasar cikin haske. Roba mai lafiya sumul take. Wadda ta tsufa sai ta buɗe ƙananan tsage birjik, dukkansu a gicciye, babu mai bin tsawon maɗaurin. Aikin iskar ozon ke nan, tana cin roba a inda take miƙe, rana kuma ta ƙarasa sauran. Injinan lantarki masu tartsatsi suna haifar da ozon, shi ya sa ba a ajiye kayan roba kusa da su. Tsaga mafi muni tana ɓoye daidai inda robar ke karyawa a kan sandar maɓalli, don haka sai an zaro maɗaurin daga maɓallin kafin a ce lafiyarsa lau.

9 ga Fabrairu

Kafin a zaɓi maɗauri sai an san abin da zai kama a jikin filafili, kuma wannan iri uku ne.

Na farko turke ne mai faffaɗan kai a kowane gefen aljihun ƙafa. Maɓallin yana da rami mai faɗi a gefe ɗaya, matsattse a ɗaya gefen. Ana zura kan turken ta wurin mai faɗi, a ja baya, wuyan turken ya zauna a matsattsen. Masu sayarwa suna cewa babban turke da ƙaramin turke, amma babu ma'auni ɗaya da kamfanoni suka amince da shi. Don haka an auna kowane samfuri wuri uku: kaurin wuya, faɗin kai, da tsayin wuya daga jikin filafili zuwa ƙarƙashin kai. Idan ramin ya yi wa wuyan yawa, maɗaurin ba ya fita a cikin ruwa, domin a can yana jaye. Yana fita ne lokacin da yake sake, filafili na rataye a hannu ko ana miƙa shi cikin jirgi, sai a iso bakin ruwa a tarar gefe ɗaya na lilo. Idan kuma ramin ya yi ƙanƙanta, ramin ake gogawa da fayil, ba a taɓa turken. Tare da filafilin aka zubo shi, idan ya karye ba shi da sauyi sai dai a huda a saka sukuru da noti.

Na biyu kunne ne na roba mai rami, irin na Jet Fin. Georges Beuchat ne ya ƙera wannan filafili a Faransa a 1964, Scubapro ya soma sayar da shi a 1965, kuma har yau ana yin sa da danginsa a kan wannan tsari. Maɓallinsa na waya ne da ya ratsa cikin kunnen.

Na uku su ne masu tsarin kansu. Seawing Nova na Scubapro da Avanti Quattro+ na Mares da banji suke zuwa. RK3 na Apeks da F1 na Hollis da sifirin suke zuwa, F1 ɗin har da wuraren maƙalawa fiye da ɗaya don a matso ko a sassauta. Waɗannan ba za a canja musu iri ba, za a dai duba ko tsawon ya dace da takalmin mai su.

15 ga Fabrairu

Awo. Maɗaurin roba ana daidaita shi a ƙafa, amma sifirin da banji tsawon da aka saya shi za a zauna da shi, don haka a nan ake cin nasara ko a yi asara.

Kafin a ɗauko igiyar awo, a fara gwada aljihun ƙafa ba tare da maɗauri ba. A saka takalmin nutson da za a riƙa shiga ruwa da shi, da safa idan ana sakawa, a tura ƙafa har ƙarshe, a ɗaga ta a girgiza. Filafilin da ya dace zai tsaya, ko ya zame a hankali. Wanda ya faɗi nan take, ko ƙafa ke kai kawo hagu da dama a cikinsa, ya yi girma, kuma babu maɗaurin da zai gyara wannan. Mai shi zai yi ta ƙara ɗaurewa har yatsunsa su mutu, filafilin na nan yana kaɗawa. A duba ƙasa kuma: tafin aljihun ya kamata ya kai kusa da diddige. Idan rabin tafin takalmi na waje, aljihun ya yi kaɗan, kuma duk ƙarfin bugu zai taru a tsakiyar ƙafa. Da yawa daga ƙorafin da ake ɗora wa maɗauri daga nan yake tasowa.

Idan aljihu ya dace, a samo igiya marar miƙewa. Mutum ya tsaya da nauyinsa a kan ƙafar. A ɗora bakin igiyar a tsakiyar turke ɗaya, a zagayo da ita ta bayan takalmi, daidai saman tudun roban da ake yi wa takalman nutso a diddige, a kawo ta tsakiyar ɗaya turken. A ja ta kwanta, ba a matse ba. A yi alama, a miƙe ta a kan ma'auni. A yi wa ƙafa biyu, a ɗauki mafi tsawo.

Daga abin da aka samu ana cire santimita 2.5 zuwa 4. Wannan shi ne miƙewar da sifirin zai kasance a ciki yayin da yake ƙafa. Sai dai ana sayar da sifirin ne da inci, galibi daga 8 zuwa 13, tsakanin kowane biyu inci ɗaya, wato santimita 2.54. A ce igiya ta ba da santimita 30. Abin nema yana tsakanin 26 da 27.5. Mai inci 10 santimita 25.4 ne, zai miƙe da 4.6. Mai inci 11 santimita 27.9 ne, zai miƙe da 2.1. Babu wanda ya faɗo a tsakiya. Ƙa'idar da muka tsayar: mai takalmin niyofirin (roba mai kumfa da ake yin kayan nutso da ita) mai kauri da ke zuwa zurfi ya ɗauki gajeren, mai takalmi mai tauri wanda ba ya lotsewa ya ɗauki dogon.

Wani tarko kuma: wasu masu sayarwa tsawon sifirin kaɗai suke faɗa, wasu har da kawunan da ke kama turke. Bambancin yana iya cinye inci guda ko fiye. Awon da ke da amfani shi ne daga ramin turke zuwa ramin turke, maɗauri na kwance ba a ja shi ba. Shi muke tambaya kafin a yi oda.

16 ga Fabrairu

Lissafin da ya sa ake cire waɗancan santimitoci, tunda shi ne ainihin bambancin roba da sifirin.

A saman ruwa matsi bar 1 ne (bar shi ne ma'aunin matsi). A mita 10 ya zama 2, a mita 30 ya zama 4. Niyofirin cike yake da ƙananan kumfar iska, matsi yana danne su, takalmi mai kaurin milimita 5 yana iya rasa kusan rabin kaurinsa a mita 30. A ce bayan diddige ya lotsa da milimita 2, saman ƙafa ma ya lotsa har ƙafar ta ƙara shigewa aljihu da wasu milimita 2. Diddige ya matsa gaba da milimita 4 ke nan. Maɗauri kuwa gefe biyu gare shi, don haka hanyar da yake zagayowa ta ragu da kusan milimita 8.

Maɗaurin roba gajere ne, mai kauri, mai tauri. Ɗan ja kaɗan, kamar milimita 10, ya isa ya kama ƙafa sosai. Idan 8 suka tafi daga cikin 10, saura 2, kusan duk ƙarfin ya zube. Sifirin da aka miƙa da milimita 30, idan 8 suka tafi saura 22, kusan kashi uku cikin huɗu na nan. A zahiri ma ya fi haka, domin ana naɗa irin wannan sifirin ne da zobbansa a matse da juna, sai an sa wani ƙarfi kafin su fara buɗewa, kuma wannan ƙarfin ba ya raguwa. Banji ma haka yake, miƙewarsa doguwa ce.

Abin da masu roba ke yi shi ne su ƙara ɗaurewa a ƙasa. Matsalar tana jiransu a hanyar hawowa: takalmi ya kumbura ya koma kaurinsa, maɗaurin da aka daidaita a mita 30 ya shaƙe ƙafa a mita 5, inda ake tsayawa na minti 3. Ɗaurewar sha-raɓa da mutuwar yatsu a ƙarshen nutso sau da yawa daga nan ne.

Mai nutso a ruwan ɗumi da takalmi mai milimita 2 ko 3, wanda ba ya wuce mita 12, wannan lissafi bai dame shi sosai ba.

24 ga Fabrairu

Sifirin sun iso, an fara da masu kunnen roba. Ana zare tsohuwar robar, a kama wayar maɓalli da filaya biyu, a buɗa ta har bakinta ya fita daga ramin kunne. Wayar tana da ƙarfi, kuma idan aka yi ta murɗa ta a cikin ramin kunnen ne zai yage. Inda ta ƙi, an yanke ta. Maɓallin da za a zubar bai kai kunne daraja ba.

Sabon kan yana shiga ne da fil ko da sukuru da ya ratsa kunnen. Ruwan sabulu ya isa ya sa ya zame. Ba a shafa man fetur ko giris na inji, suna lalata robar asali. A kan sukuru muna sa noti mai zoben nailan a ciki, wanda ba ya kwancewa da kansa. Ruwan manne zare da makanikai ke ɗigawa a kan sukuru ba a kai shi kusa da kawunan filastik, yana sa wasu irin filastik su tsattsage. A ɗaura noti a hankali da hannu, domin ƙarfe mara tsatsa idan ya goga ɗan'uwansa da sauri yana cijewa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. A bar kan yana juyawa a sake. Kan sukuru ya kalli sama, kuma kada zare ya leƙo fiye da milimita 2 bayan noti.

An duba cikin kowane sifirin kafin a ɗaura. Mai kyau yana da igiyar nailan a cikinsa, ɗaure a kawuna biyu, ta ɗan fi shi tsawo. Aikinta biyu: tana tsayar da sifirin kafin a ja shi ya wuce iyakarsa, kuma idan ya karye tana riƙe filafili. Ana ganin ta idan aka ja aka leƙa tsakanin zobba. Waɗanda ba su da ita an zura musu mai kaurin milimita 2, aka daidaita ta yadda za ta miƙe tsaf bayan maɗauri ya haye diddigen takalmi da ɗan rara. Sifirin da aka taɓa ja ya wuce iyaka ana gane shi a kwance, akwai giɓi tsakanin zobbansa da ba ya rufewa. Ba ya gyaruwa.

3 ga Maris

Gwaji a tafkin ninkaya, da cikakken kaya a baya da safar hannu mai milimita 5, domin maɗaurin da ke da sauƙi ga mai zaune a kujera da hannu tsirara ba lallai ya yi sauƙi a gindin tsanin jirgi ba.

Sakawa: a ɗora idon sawu a kan gwiwar ɗaya ƙafar, a tura filafili, a ja maɗauri da hannun ɗaya gefen. Sifirin da banji ja ɗaya ne. Roba tana bukatar a saka, a ja jela ta dama, a ja ta hagu, kuma idan ba a ja su daidai ba matashin diddige ya karkace gefe. Cirewa ta fi nuna bambanci. Da safa mai kauri, latsa haƙoran maɓalli biyu lokaci guda a bayan ƙafar da ba a gani aiki ne. Sifirin mai zoben babban yatsa yana fita nan take. Marar zobe, wanda rigar nailan kawai ta lulluɓe shi, sai an lalubo gefensa an cusa yatsa, abin da masu nutso a kogo suka yarda da shi domin ba sa son komai ya tsaya a bayan ƙafa. Ga wanda bayansa ko gwiwarsa ba sa lanƙwasuwa sosai, zoben ba ado ba ne.

Abubuwan da suka fito:

Sifirin tsirara, marar riga, yana cizon yatsa da niyofirin lokacin da zobba ke rufewa. Duk za a yi musu riga.

Takalmin da ba shi da tudu a diddige yana barin maɗauri ya hau sama ya zauna a kan agara. Da sifirin siriri wannan ciwo ne cikin 'yan mintuna, musamman a bugun sama da ƙasa inda ake miƙe yatsu. Faffaɗan matashin roba yana rage shi. Gyaran gaskiya dai takalmi ne mai tudu.

A bugun kwaɗo da bugun komawa baya, ƙarfin yana bi ta gefen filafili, kuma a nan ne banji mai laushi ya bari diddige ya ɗan ɗaga daga aljihu a kan filafilan roba masu nauyi. A kan masu sauƙi ba a ji haka ba.

Wanda aka ba sifirin gajere da inci ɗaya da gangan, don a ga iyaka, yatsunsa sun dunƙule a ƙarshen aljihu. Alamar gajarta ke nan, kuma ba ta wucewa da sabo, sifirin ba ya saki kamar roba.

11 ga Maris

An haɗa banji da hannu don filafilan da turkensu bai dace da kowane kan sifirin ba. Ana amfani da tsohon maɓallin a matsayin kai, a cire robar a zura igiya.

Igiya mai milimita 8 guda ɗaya, ko mai milimita 6 a ninka biyu. Ninkin ya fi kwanciya a diddige, kuma idan ɗaya ta tsinke ɗayar na riƙe. Tsawon da ke tsakanin turke da turke ya gaza awon igiya da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wato awon santimita 30 ya koma 24 zuwa 25.5, sannan a ƙara abin ƙulli a kowane baki. Kafin a ƙulla a zura rigar nailan mai rami, faɗin milimita 25, tsawon santimita 12 zuwa 14, ita ce matashi kuma ita ce abin kamawa.

Banji yana sirancewa idan aka ja shi, ƙullin da aka yi a sake sai ya riƙa tafiya har ya kwance. A ja igiyar tukuna, a ƙulla tana jaye, a matse ƙullin da filaya, a bar jela santimita 2. A ƙona bakin saƙar kaɗan don kada ta warware, ba a bari wuta ta ci robar ciki. Gefen ramin maɓalli idan yana da kaifi a goge shi, domin a nan saƙar ke fara cinyewa.

Kyawun banji shi ne yana ba da sanarwa kafin ya mutu. Saƙa ta yi gashi, jikin igiya ya yi kumburi a nan ramewa a can inda zaren ciki suka tsinke, ko a ja shi ya dawo da kasala. Roba da maɓalli kuwa, idan ba a bincika tsagensu ba, ƙarar tsinkewa kawai ake ji. Raunin banji kulorin ne, sinadarin da ake zubawa a tafkin ninkaya, da kuma rana. Filafilin da ke yini a tafkin ninkaya zai ci banji da sauri fiye da wanda ke zuwa teku a wanke shi a ajiye a inuwa.

20 ga Maris

An ajiye silikon gefe. Ozon da rana ba sa yi masa abin da suke yi wa roba, kuma yana da laushi a ƙafa ko a ruwan sanyi. Amma da zarar wani abu mai kaifi ya ɗan yanke gefensa, yagewar tana tafiya har ƙarshe. An gwada a kan guda ɗaya: yanka milimita 2 da reza, ja biyu da hannu, ya rabu. Yana kuma zamewa a cikin maɓallin da aka yi domin roba. Ga filafilan aro da ake ja a kan duwatsu bai dace ba.

2 ga Afrilu

Gwaji a teku, ta tudu da ta jirgi.

Shiga ta tudu inda taguwar ruwa ke karyewa ita ce ta fi wahalar da maɓalli. Yashi yana shiga ƙarƙashin harshen da ke kama gaɓoɓin roba, harshen ya ƙi zama, maɗauri ya saki a bugun farko. Yana kuma cika ramin da haƙora ke shiga, a ji kamar ya kulle alhali haƙori ɗaya ne ya kama. Magani a kaɗa maɓallin cikin ruwa kafin a kulle, a ja shi da ƙarfi a tabbatar. Sifirin ma yana ɗaukar yashi a cikin riga, amma ba ya hana shi aiki.

An shimfiɗa zaren fatsa tsakanin nauyi biyu a ruwa marar zurfi, aka bi ta kansa da kowane iri, da mai tsaro riƙe da almakashi a gefe. Zaren yana shiga wuri uku a maɗaurin roba: ƙarƙashin jelar da ke lilo, tsakanin maɓalli da jikin filafili, da gindin harshe. Bayan ƙafa kuwa shi ne wurin da mai nutso ba ya gani, kuma da ƙyar hannu ke kaiwa. Wannan ne dalilin da ya sa masu shiga kogo da ɓaraguzan jiragen ruwa, inda ake bin zare don a fita, suka daɗe suna juya jelar ta koma ciki ko su naɗe maɓalli da tef, daga baya suka koma sifirin. Sifirin mai riga da kai mai santsi bai kama ba. Mai buɗaɗɗen zobe ya kama sau ɗaya-ɗaya, zaren kuma ya zame da aka girgiza ƙafa. Mai kan da aka haɗa da ƙugiyar ƙarfe mai fil ɗin murɗawa ya kama a kunnen fil ɗin, don haka an juya shi ya kalli ciki.

Batun tsatsa. Ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316 yana da sinadarin molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke ba shi juriya ga gishiri fiye da 304 da 302, waɗanda ake yawan yin sifirin da su. Gwajin mayen ƙarfe ba ya raba gardama, domin jan waya da naɗa ta suna sa waɗannan ƙarafa su ɗan kama maye. Ko 316 ɗin ma yana bukatar iska ta taɓa shi kafin ya riƙe kariyarsa, shi ya sa tsatsa ke farawa a ɓoye, ƙarƙashin riga da tsakanin zobban da ke matse, inda ruwan gishiri ke kwana. Wankewa ta gaskiya ita ce a jiƙa cikin ruwan daɗi, a ja sifirin a sake shi a cikin ruwan har zobba su buɗe, a tura rigar gefe, a shanya a inuwa. Idan jan tabo ya fito, ruwan sinadarin sitirik da burushin nailan sun isa. Ba a goga da burushin ƙarfe na yau da kullum, yana barin ƙurar ƙarfe da ke tsatsa a kai. Bilic kuma ba ya zuwa kusa.

Wurin da za a riƙa dubawa shi ne zobe na ƙarshe, wanda aka lanƙwasa ya zama ƙugiya. A nan sifirin ke karyewa, ba a tsakiya ba.

An saka samfura a ruwa mai gishiri giram 35 a kowace lita, daidai da na teku, wasu da riga wasu babu, ana tsomawa ana fitarwa ba a wankewa. Za a bar su su daɗe.

10 ga Afrilu

Nauyi. Sifirin ya fi sauran nauyi kuma yana nutsewa. A ƙarshen ƙafa yake, nesa da tsakiyar jiki, don haka ɗan nauyin yana da tasiri. Mai nutson da ke sa rigar jiki wadda ruwa ba ya shiga cikinta, wanda iska ke taruwa masa a ƙafa, yana amfana. Mai siririyar rigar nutso da filafilan roba masu nauyi, wanda dama ƙafafunsa ke faɗuwa, sifirin zai ƙara masa. Irin wannan banji aka ba shi. Filafilin da a da yake tasowa sama idan ya suɓuce, a sake gwada shi bayan an sa sifirin, ƙila yanzu ƙasa zai yi.

18 ga Afrilu

Matsayar da aka kai zuwa yanzu. Filafilan malamai masu nauyi, da duk wanda ke zuwa ruwan sanyi ko inda zare yake, sifirin mai riga da igiyar ciki. Filafilai masu sauƙi da na tafiya, banji. Wanda ke da takalmi biyu masu bambancin girma, na ruwan ɗumi da na ruwan sanyi, sifirin ɗaya ba zai yi masa duka ba. Ko ya ajiye tsawo biyu, ko ya nemi kai mai wurin maƙalawa fiye da ɗaya, kuma galibi ma aljihun ƙafar ne zai fara ƙi.

Na aro sun zauna a kan roba mai maɓalli, duk da abin da aka lissafa a kanta. Filafili ɗaya yana karɓar takalma masu girma daban-daban, sifirin kuwa tazarar da yake yi wa daidai ba ta wuce santimita biyu ko uku ba. An sa musu sababbin robobi, aka yanka tsohon tubin keke zobe-zobe masu faɗin santimita 1.5, aka zura ɗaya a kowane gefe don jela ta shige ƙarƙashinsa. Ana koya wa ɗalibai su ɗaga harshe su sassauta maimakon su ɓalle maɓalli, domin rabin maɓallin da aka ɓalle a gindin tsani shi ne ke faɗawa ruwa. Ana kuma hana ajiye filafili a inda silindar iska za ta faɗo masa, haƙoran filastik suna yin tsaga siririya da ba a gani sai ranar da suka karye.

A akwatin gyara na kowace fita: maɗaurin roba cikakke da maɓallinsa na kowane irin turke, a cikin leda mai rufewa nesa da haske, mita ɗaya na banji mai milimita 6, sukuru da noti na sifirin, da filaya.

Abin da ya rage: kawunan ƙaramin turke ba su iso ba, don haka rukuni ɗaya na filafilan malamai na kan banjin hannu tukuna. Samfuran ruwan gishiri an leƙa su yau, waɗanda mai sayarwa bai faɗi lambar ƙarfensu ba sun fara jan tabo a ƙarƙashin riga kusa da ƙugiya, sauran ba su nuna komai ba. An auna tsawon kowane banji a kwance an rubuta a jikin filafilinsa, za a sake aunawa a ƙarshen Mayu, wanda ya ƙaru da fiye da santimita 1.5 a canja shi.